Taku Sittin na Laurids

Stenklit, 9 ga Agusta, 1999

Zuwa ga ƙanena Asger, babban injiniya wanda hannunsa ke ciwo in an zo rubuta wasiƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Solveig. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwar Baba da haƙurina, waɗanda duk sun kusa ƙarewa.

Kada ka kira ni a tarho a kan maganar nan. Tarho a kicin yake, Baba kuma a kicin yake wuni, kuma kunnen nan nasa da ba ya jin "ka sha maganinka" yana jin raɗa ta bayan ƙofa biyu. Ka rubuto.

Shingen da ya raba tumakina da gonar Preben ne ya ruɓe, wanda ya tashi daga gindin Gwaggo ya miƙe har bakin gaɓar teku. In ka manta, tunda shekara uku rabonka da mu, Gwaggo ita ce injin iskar nan da gidaje arba'in na ƙauyen nan suka haɗa hannu suka kafa a kan gaɓa shekara goma sha takwas da suka wuce, mai ba mu wutar lantarki, wadda ka kira tarkace ranar jana'izar Mama.

Da zan sayo wayar shinge ban tsaya awo ba. Don me zan yi awo? Ni ce sakatariyar ƙungiyar masu Gwaggo, littafin awon gaɓa yana hannuna. Na buɗe na ga bara Baba ya taka daga gindin Gwaggo zuwa bakin gaɓa, ya samu taku tamanin da huɗu. Ko jariri a Stenklit ya san takun Laurids, wato Baba, mita ɗaya ne cif. Na sayo mita tamanin da huɗu.

Asger, na kafa turaku, na ja waya har bakin gaɓa, na waiga, sai ga kusan rabinta a naɗe a ƙasa tana kallona. Da farko na ɗora wa mai shago laifi, sannan na tuna tun da nake ban taɓa ganin mai shagon da ya yi kuskure ta wajen ƙari ba. Na je makaranta na aro dogon tef ɗin awo. Sau uku na auna. Mita arba'in da takwas.

Ka san sashe na bakwai na dokar ƙungiya: ranar da tazarar ta gaza taku sittin na Laurids Vestergaard, a sauke Gwaggo. Ba a ce mita ba. Iyayenmu ba su yarda da ma'aunin mutanen Kopenhagen ba, suka ce ƙafar Laurids ta fi musu. Shekarar farko littafi ya ce ɗari da arba'in. Daga nan yana sauka, biyar, huɗu, biyar, sai a shekaru shidan nan ya tsaya cik tsakanin tamanin da shida da tamanin da huɗu. Ƙauye ya cika da alfahari, wai tsofaffin itatuwan Kirsimeti da muke binnewa a yashi duk Janairu ne suka gajiyar da teku. Ni ma na yi alfaharin, kada ka ce na ware kaina.

Jiya da safe na tsaya a taga ina kallon Baba zai tafi wurin Gwaggo da gwangwanin girisinsa. Na kalli ƙafafunsa. Ban taɓa kallonsu ba, wa ke tsayawa kallon ƙafar ubansa? Jan su yake yi, Asger. Shekara tamanin da ɗaya. Teku tana cin gaɓa, shekaru suna cin takun Baba, su biyun suna tafiya daidai da juna, mu kuma muna tafi muna cin kek. Na zauna, kofina ya huce a gabana ban sha ba.

Kullum sai ya yi awa biyu a cikin gindinta yana shafa mata mai. Ka gaya mini gaskiya, kuma ba da yaren injiniyoyi ba: mita arba'in da takwas a kan yumɓun nan, me ke nan?

Ka gai da Solveig.

Yayarka,
Herdis


Esbjerg, 14 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Herdis,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis. Solveig tana amsawa. Ban ce tarkace ba, cewa na yi ta tsufa, amma mu bar wannan.

Ga amsar tambayarki. Gaɓar Stenklit yumɓu ce mai jijiyoyin yashi a ciki. Ruwan sama yana bin jijiyoyin daga sama, teku tana rarake ta daga ƙasa. Irin wannan gaɓa ba kaɗan-kaɗan take tafiya ba. Sai ta yi shiru shekara biyu, sannan guguwa ɗaya ta yanke mita goma ko goma sha biyar a wuni guda. Harsashin Gwaggo kuwa faifan kankare ne kawai da aka ɗora a kan ƙasa, babu turakun ƙarfe a ƙarƙashinsa. Duk juyin da fukafukanta suke yi, girgizar tana sauka cikin yumɓun. Ƙasa da mita arba'in ba zan bar ko kare ya kwana a gindinta ba. Tsakaninku da wannan guguwa ɗaya ce. Tsakaninku da faɗuwarta, ƙila biyu.

Akwai kuma maganar lokaci. Ba a sauke ta sai da babbar motar ƙugiya, mai nauyin tan sittin, wadda ba ta hawa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga farkon Nuwamba filinki taɓo ne har Mayu. Na tambaya, akwai mota ranar 28 ga Oktoba, amma dole in ba su tabbaci kafin 15 ga Oktoba. In wannan ta wuce, Gwaggo za ta yi hunturu a inda take.

Abin yi guda uku ne. Ki kai sakamakon awon gaban kwamiti. A gyara sashe na bakwai, a cire taku a sa mita. A hana Baba shiga gindinta daga yau. Ban ga wahalar abin ba.

Tun farko kuskure ne a auna gaɓa da ƙafar mutum, kuma na faɗa tun ina ɗalibi, aka ce in yi shiru manya suna magana. Game da sanar da Baba, ke kike tare da shi, ke kika fi sanin lokacin da ya dace.

Na haɗo miki da zane mai nuna yadda yumɓu ke zaftarewa. Ki huta lafiya.

Naki,
Asger


Stenklit, 2 ga Satumba, 1999

Asger,

Ina gaishe ka, don Mama ta koya mana a fara da gaisuwa ko da rai a ɓace yake.

"Ban ga wahalar abin ba." Sau huɗu na karanta layin nan, na biyar na karanta wa tumaki. Daga Esbjerg ai ba za ka gani ba. Zanenka kuma na gode, yana ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Na kai magana kwamiti, a falon Preben, shugabanmu tun kafin a haifi wasu membobin. Kek iri uku matarsa ta yi. Na jira aka zuba kofi na biyu, na ajiye tef a kan tebur, na ce arba'in da takwas.

Preben ya juya tef ɗin da cokali ya ce, "Herdis, wannan ɗin memba ne a ƙungiya? Ban ga sunansa a sashe na bakwai ba."

Tsohuwa Gudrun ta ce, "Na makaranta ne fa. Yara sun ja shi sun ja shi har ya saki. Ni ko labule ba zan auna da shi ba."

Na ce, "To ku tashi mu je ku gani da idonku."

Preben ya ce, "Kullum muna gani. Yadda yake jiya haka yake yau. Miƙo mata kek ɗin nan, yunwa ce ke damunta."

Ka san gyaran doka sai da kashi biyu cikin uku na hannuwa a babban taro, kuma Baba a layin gaba yake zama, da hularsa a kan gwiwa. Da zan fita Preben ya biyo ni bakin ƙofa yana taya ni neman takalmi, ya rage murya ya ce, "Kina tsammani dukkanmu makafi ne? Na daɗe ina zargi. Amma Laurids ne ya shiga ruwa da igiya a ƙugu ya fito da ubana ranar da jirginsa ya kife. Ni zan ɗaga hannu a gabansa in ce ƙafarsa ta ƙare? Bari ta kai baɗi, Herdis. Gwaggo ta ga guguwa iri-iri." Ka ji mutanenmu. Sun gwammace tan talatin na ƙarfe ya faɗa teku da dattijo a ciki, da su sa shi jin kunya na minti biyar.

Kuma ni ba ni da bakin zaginsu, don na gwada na kasa. Ranar Lahadi muna cin busasshen kifi da baƙin burodi na ce, "Baba, ba ka ganin gaɓar nan ta matso?"

Ya ce, "Tamanin da huɗu."

Na ce, "Gwiwarka fa?"

Ya ce, "Ba laifi." Ka san shi, ranar da likita ya ɗinke masa hannu ba laifi, ranar aurenka ma ba laifi. Sai ya kalli taga ya ce tun da Mama ta rasu, Gwaggo ce kaɗai ke yi masa magana ba ta ce ya sha magani ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "In ƙara maka dankali?"

Hana shi shiga kuma, na ɓoye mabuɗin ƙofarta a cikin gwangwanin gari. Ashe guda uku gare shi.

To ga dabarata, kuma ban nemi ra'ayinka ba. Ranar Taku ta bana, ranar da Baba ke taka tazarar a gaban jama'a, Asabar ce, 25 ga wata. Ka zo. Tsawonku ɗaya da Baba na da, dogayen ƙafafun nan marasa kyan gani duk nasa ka ɗauko. Zan ce ka zo ganin al'ada ne. Bayan ya taka an yi tafi an watse zuwa shan kofi, kai ma ka taka a hankali, ka ƙirga a zuciyarka. Da yamma mu uku mu zauna a kicin, ƙofa a rufe, mu nuna masa a tsanake. In shi da bakinsa ya ce a sauke ta, babu hannun da zai ƙi tashi a ƙauyen nan.

A zuciyarka na ce, Asger. Kada ka buɗe baki a gaban mutane.

Sai na gan ka,
Herdis


Esbjerg, 9 ga Satumba, 1999

Zuwa ga Herdis,

Bayan gaisuwa. Zan zo ranar 25, da misalin ƙarfe goma.

Amma bari in faɗa a rubuce cewa wannan wasan kwaikwayo ne. Takarda ɗaya zan aika wa hukuma, cikin mako guda su zo su liƙa jan tambari a ƙofar Gwaggo su sa mata kwaɗo, ba kek, ba tafi. Saboda ke na dakata, don na san abin da zai yi wa Baba ya ji daga bakin baƙo mai riƙe da fayil.

Kina ganin zai saurare ni a kicin? Shekara goma sha biyar ina zana harsashin injinan iska. Akwai guda sittin da ke tsaye a kan lissafina, wasu a cikin teku. Ko sau ɗaya bai taɓa tambayata game da harsashin tasa ba. Ranar da na samu aikin nan na gaya masa, cewa ya yi in miƙo masa gishiri.

Duk da haka zan zo, zan taka, zan yi shiru. Na yi alkawari.

Ki cire zanena daga ƙarƙashin tebur, awa biyu na yi a kansa.

Naki,
Asger


Stenklit, 3 ga Oktoba, 1999

Asger,

Gaisuwa. Iyakarta ke nan yau.

Mako guda na jira kafin in rubuta. "Na yi alkawari." Ina da shi a rubuce, da hannunka mai kyau na injiniya.

Komai yana tafiya daidai. An ɗaga tuta, Preben ya karanta sashe na bakwai, Baba ya jingina diddige da gindin Gwaggo ya fara, jama'a suna binsa suna ƙirgawa da ƙarfi. Tamanin da biyar! Har ƙari aka samu, Gudrun tana cewa teku ta fara biyan abin da ta ci. Abin da ya rage maka kawai ka jira su juya baya. Sai na ga ka cire kwat ka miƙa mini kamar ni ce maratayi, ka koma gindin Gwaggo, ka tako kana ƙirgawa da muryar da ko masunta a cikin teku sun ji. Arba'in da takwas. Da ka tsaya nan ma da na iya ɗinke ɓarakar, don Preben ya riga ya fara dariya yana cewa ɗan birni ne, takun mai gudun kada jirgin ƙasa ya bar shi. Amma sai da ka juya ka kalli Baba a gaban mutum sittin ka ce, "Baba, teku ba ta gaji ba, kai ne ka tsufa."

Sannan ka shiga mota ka tafi, ko kofi ba ka sha ba. Matar Preben ta riga ta zuba maka. Ka san a ƙauyen nan za a iya yafe maka maganar, amma kofin nan da ka bari jikokinka sai sun ji labarinsa.

Ga abin da ba ka tsaya ka gani ba. Baba ya sa hularsa, ya karɓi littafi daga hannuna, ya rubuta tamanin da biyar, ya sa hannu, ya miƙo mini. A zauren taro ya zauna a wurinsa, ya ci kek yanka ɗaya, kowa yana yi masa hirar farashin kifi da ƙarfi kamar an zo gai da mara lafiya. Gudrun ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Rabu da shi, Laurids, 'ya'yan yanzu ne." Ɗan yanzu mai shekara arba'in da huɗu da sanƙo! Yanzu ko mutum uku ba zan samu su ɗaga hannu ba. Da can kunyarsa suke ji, yanzu kare shi suke yi daga ɗansa.

Ranar Alhamis iska ta taso daga yamma tun safe har la'asar. Ba ma babba ba ce. Da ta lafa na je duba tumaki, na tarar ƙarshen sabon shingena yana lilo a sarari, turaku uku sun tafi. Mita huɗu, Asger. Na tsaya a wurin ina jin girgizar Gwaggo a tafin ƙafata, abin da ban taɓa lura da shi ba sai da ka rubuta. Washegari Baba ya ɗauki gwangwaninsa zai tafi kamar kullum. Na tare ƙofa na ce ba inda za shi. Ya tsaya yana kallona har na matsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Tun ranar Taku bai yi mini magana mai tsawon layi ɗaya ba, amma yana magana da kansa. Yawo yake a cikin gida yana ƙirge. Daga ɗakinsa zuwa kicin, ya koma, ya sake. Daga ƙofar baya zuwa rumfar itace. Jiya na same shi tsaye a gaban murhu, leɓensa yana motsi. Na ce, "Baba, me kake nema?" Ya ce, "Goma sha shida," ya juya ya koma ɗaki. Haka kawun Mama ya fara kafin ya manta sunan matarsa.

Tsoro nake ji, kuma haushinka nake ji, ban san wanne ya fi yawa ba. Shekara uku ni ke wanke masa kaya, ni ke yanka masa farce, kai ka zo na minti arba'in ka fasa abin da ya rage masa, ka koma ka bar ni da shara.

Kwana goma sha biyu ya rage wa motarka. Ka gaya mini me zan yi, tunda ba ka ga wahalar abin ba.

Herdis


Esbjerg, 7 ga Oktoba, 1999

Yaya Herdis,

Ina gaishe ki. Duk abin da kika faɗa haka ne, ban da sanƙo, wanda bai kai yadda kike zuzutawa ba.

Na yi niyyar yin shiru. Amma ke kina baya da littafi, ni ina gefen Baba. Lokacin da ya kai tamanin da biyar ya tsaya, suna tafi, na kalli ƙasa. Akwai tsaga a cikin ciyawa a bayan diddigensa, mai faɗin yatsa biyu, ta yi tsawon mota. A kan guntun da zai tafi yake tsaye yana murmushi, su kuma suna tafi. Ina jin shi ne guntun da ya tafi da turakunki. Daga nan ban san lokacin da na cire kwat ba. Mota kuma na shiga ne don ban iya kallon fuskarsa ba, ba don raina kofin kowa ba. Na yi tafiyar kilomita goma na tsaya a gefen hanya na fi rabin awa.

Na rubuta wa hukuma. Takardar tana kan teburina, a rufe, da kan sarki. In ban ji komai ba zuwa safiyar 15 ga wata zan jefa ta a akwatin wasiƙu, Baba ya ƙi ni har ƙarshen ransa, amma ransa ya kai ƙarshen a kan gado.

Na gwada rubuta masa sau huɗu, duk na yaga. Na iya lissafin nauyin da yumɓu zai ɗauka, wannan kuwa ban san ta inda ake fara shi ba. Ki kai shi wurin likita a kan maganar ƙirgen. Ki ce masa ina gaishe shi, in kin ga zai karɓa.

Ƙanenki,
Asger


Stenklit, 11 ga Oktoba, 1999

Asger,

Ina gaishe ka da matarka.

Yayarka tana so ta kai ni wurin likita. Ba inda za ni, kaina ƙalau yake.

Gidan nan ni na gina shi, shekarar da na auri uwarku. Ba ni da tef a lokacin, da ƙafa na auna. Daga inda gado yake zuwa murhu taku tara na sa, don ta ce ba ta son yin nisa da sanyin safiya. Na taka shi sau da yawa makon nan. Goma sha shida. Na duba, gidan bai ƙara girma ba.

Herdis ta ce tef ɗinta arba'in da takwas ya ba ta. Kai ma arba'in da takwas ka samu.

Jiya na karɓi littafi na je gidan Preben. Na soke tamanin da biyar, na rubuta arba'in da takwas, na sa hannu. Ya ce ai wannan ba takuna ba ne, doka takun Laurids ta ce. Na ce masa na san takuna in na gan shi, ko a ƙafar ɗana ne. Ba sai an taɓa sashe na bakwai ba, kuma ba sai kowa ya ɗaga hannu ba.

Ka kawo motarka ranar 28. Daga yau na daina shiga, yayarka ta karɓe mabuɗan duka uku. Amma ranar, birkin Gwaggo ni zan ja, ba yaranka ba.

Na ga wani zane a ƙarƙashin ƙafar tebur, na ciro na duba. Ba laifi. In ka zo ka nuna mini yadda kuke kafa su a cikin ruwa.

Ka zo da wuri. Matar Preben ta ce akwai kofin da ka bari.

Ubanka,
Laurids